Rajistar aiki: shirin wasan majema a Sakkwato

Asabar, 1 ga Nuwamba 2025

An rufe rubutu yau, kowa ya karɓi kwafinsa. Wasan kashi 3 ne, fitowa 11, waƙa 7. 'Yan wasa 14, maza 9 mata 5. Makaɗa 4: kalangu biyu, kotso ɗaya, gurmi ɗaya. Darakta shi zai fito a Sarkin Majema, kuma waƙa 4 cikin 7 shi ne jagoransu.

Labarin a nan Sakkwato yake, wajen 1930. A da, fatar jar akuya da aka jeme a ƙasar nan ayarin raƙuma ke ɗaukarta ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, Turawa kuma suka san ta da sunan fatar Maroko don daga arewacin Afirka take isa hannunsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai hanya ta juya kudu, kamfanoni suka fi son ɗanyar fata busasshiya su kai can su jeme da kansu. Ɗan Sarkin Majema ya ga kuɗi na wajen dillancin ɗanyar fata, uban ya ga ana shirin kashe sana'ar gidansu. Rigimar da wasan ya ginu a kai ke nan.

An yi sharaɗi biyu. Babu waƙar da za a naɗa a situdiyo a sako ta a lasifika 'yan wasa na motsa baki. Komai da murya da hannu za a yi a gaban mutane. Sannan duk waƙar da za a iya cirewa labari bai karye ba, ba ta da wuri a wasan.

Kuɗin da ke hannu naira 420,000, karo-karon 'yan ƙungiya da gudummawar wani mai sayar da kayan fata. Kwafi 20 sun ci 16,000.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Karatun zaune, ba kiɗa. Ya ɗauki awa 1 da minti 52, kuma wannan ya yi yawa. Iyayen 'yan matan ba su yarda da wasan dare ba, saboda haka tsakanin La'asar da Magariba za a yi. In an idar da salla mutane sun zauna, ƙarfe 4:30 ta yi. Kafin 6:10 kuma dole a sallami kowa. Minti 100 ke nan har da buɗewa da addu'a. Wasan kansa kada ya wuce minti 85.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Maza 9 ɗin duka sun je majema da safe don hannunsu ya koyi aikin da za su kwaikwaya. An nuna musu tun daga jiƙa fata, da tsoma ta cikin ruwan toka na 'yan kwanaki har gashi ya saki, da kankare shi da kartaji, da sa ta cikin ruwan kashin kaji don ta yi laushi, sannan kwatarniyar dakakkiyar bagaruwa inda jimar kanta take. Bayan nan wanki, shafa mai, bugu da ja, sai rini da karan dafi ga wadda za ta zama ja.

Mai fitowa a ɗan Sarki ya ɗauki kartaji yana goga shi sama da ƙasa. Dattijon da ke koyarwa ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, ba hakanan a ka yi ba. Ƙasa a ka turawa, ka ɗaga, ka komo. In ka jawo shi bisa hwata, ka tsage ta." Yaron ya ce, "To Baba, a sake nuna min." Abin da aka samu a nan ya wuce gyaran hannu. Turawa, ɗagawa, komowa, bugu uku ne masu maimaituwa, kuma babban mai kalangu ya kama su nan take. Waƙar buɗe wasa a kan wannan za ta hau, majema 6 na kankara tare, ƙarar kartaji na cikin kiɗan. Gindinta:

*Bagaruwa ta jiƙa, majemi tashi,*
*Hwata ba ta jiran mai kwana.*

An sayi jemammun fatu 6 a 4,000 kowace, 24,000. Ɗanyar fata ba za ta hau dandamali ba, warinta zai kori layin gaba. Goron dattawa 5,000.

Talata, 11 ga Nuwamba

Hardar kashi na 1. Mutum uku ba su zo ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Waƙa ta 3 ta lalace, an rushe ta an sake. Wani ɗan ƙungiya da ke aiki a situdiyo shi ya ɗora mata rauji a fiyano, raujin kuma mai daɗi ne in ana sauraronsa shi kaɗai. Da aka ɗora kalmomi sai masu saurare suka kasa gane abin da ake faɗa. Dalili: an yi raujin tukuna, sannan aka tilasta wa kalmomi su bi shi, alhali kowace kalmar Hausa da hawa da saukar muryarta take zuwa. A layin da uban ke cewa ba zai sayar da fata ba, raujin ya ɗaga gaɓar ƙarshe, sai aka ji kamar fatan alheri yake nufi. Akwai kuma wurare biyar da gajeren wasali ya faɗa kan doguwar murya, kalma ta miƙe ta fita kamanninta.

Hanyar da aka koma ita ce ta makaɗan gargajiya. Jagora ya faɗi layin da bakinsa kamar magana, a hankali. Mai kalangu ya maimaita shi da ganga, yana matse tsarkiya a hammata inda murya ta hau, yana saki inda ta sauka. In wanda ke waje ya ji kalangun ya gane layin, to raujin ya samu. Daga nan mai gurmi ya ɗauka. Yana cin lokaci, ɗa huɗu, wato baiti huɗu, kawai aka gama yau, amma duk wanda aka kira daga bakin ƙofa ya maimaita kalmomin daidai. Sauran waƙoƙin 6 duk za a bi su da wannan gwaji, har waɗanda ake ganin lafiyarsu lau.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Dandamalin zauren makarantar da aka ba mu aro faɗinsa ƙafa 24, zurfinsa ƙafa 12. Ba ya ɗaukar mutum 14 da kwatarniya 3. Kafinta ya ƙara ƙafa 4 ta gaba da filawud 3 mai kaurin inci ¾, na huɗu kuma aka yi wa makaɗa ɗan dakali a gefen hagu. Filawud 68,000, katako 2×4 guda 14 a 28,000, ƙusa 4,000, aikin hannu 18,000. Jimla 118,000.

Da aka taka rawa a kan ƙarin, ƙasansa da ke fanko ya riƙa amsawa, dum-dum ɗinsa na danne kotso. An cusa buhunan yashi 8 a ƙarƙashi, an shimfiɗa tsohuwar darduma a sama. Ya yi shiru. Tazarar katakon ƙasa kada ta wuce ƙafa 2, in ba haka ba filawud na lotsawa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Yau aka fuskanci matsalar da ta fi kowace girma, wato darakta yana cikin wasa. A fitowa ta 6 da ta 9 yana tsakiyar dandamali yana jan waƙa, ba shi da ido a bayansa. 'Yan amshi sun taru gefe guda sun rufe matar Sarki, wadda fuskarta ce ya kamata mutane su gani lokacin da ɗanta ke fita. Shi kuma in ya hango wani ya kauce daga wurinsa sai ya yanke waƙa ya gyara shi, fitowa ɗaya aka tsayar da ita sau tara. Mai wasan da aka katse a tsakiyar fushi ba ya iya komawa inda yake. Bayan haka, kunnen mai waƙa muryarsa yake ji ta cikin kansa. Ba shi ne zai faɗi ko ana jin kalmominsa a layi na 10 ba.

Haɗa shugabanci da fitowa ba sabon abu ba ne a wasan daɓe mai waƙa na ƙasar nan. Hubert Ogunde, wanda ya bar aikin ɗan sanda ya kafa ƙungiyarsa a shekarun 1940, shi ke rubutawa, shi ke tsara waƙa, shi ke fitowa a gaba, kuma da wannan sana'a ya rayu har rasuwarsa a 1990. Duro Ladipo a Osogbo haka ya yi, shi da kansa yake fitowa a Sango, gunkin tsawa na Yarbawa. Amma waɗancan ƙungiyoyi tare suke zaune, tare suke bin gari-gari suna maimaita wasa ɗaya har ya zauna a jikin kowa. Namu ɗalibai ne da 'yan kasuwa da ke haɗuwa sau biyu ko uku a mako. A nan gida kuma, Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo kowannensu shi ne mai ƙulla waƙa, shi ne jagora, shi ne mai horar da 'yan amshinsa, sai dai su wuri ɗaya suke tsayawa suna fuskantar wanda ake yi wa waƙa. Ba su da shiga da fita, ba su da wanda zai rufe wani. Wasan daɓe yana buƙatar ido a wajen 'yan kallo, kuma dole a samar da shi.

Abin da aka tsayar: mai fitowa a Madugu, wanda aikinsa ke ƙarewa a kashi na 1, zai hardace na Sarkin Majema gaba ɗaya. Ranar Laraba shi zai hau, darakta ya zauna a layi na 8 da takarda, ya tsara tsayuwar kowa. Ranar Asabar darakta ya hau, kuma da zarar ya hau ɗan wasa ne kawai, ba ya tsayar da kowa. Mai kula da dandamali ne kaɗai ke da ikon cewa a tsaya. Gyara sai an kai ƙarshen fitowa. Za a kafa waya a bayan zaure ta ɗauki wasan daga farko zuwa ƙarshe ba tare da matso da hoto ba, don tsayuwa ake son gani. Wurin kowa an yi masa alama a ƙasa da salatif mai launi.

Wannan tsari zai yi wa darakta nauyi, domin bakin da ya saba gyara ba ya son shiru. Ya amince da shi a gaban kowa, kuma hakan ya sa yaran sun sake.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka da ƙura. Tsarkiya 3 ta ƙaramin kalangu ta tsinke ana cikin waƙa ta 2, nake kuma, wato ɗanƙon da ake liƙawa a tsakiyar fatar kotso, ya bushe ya ɓamɓare, kotson ya rasa zurfin muryarsa. Busasshiyar iska na ɗaure fata, murya ta hau, igiyar fata kuma ta yi ƙarfi ta karye. Gangunan an bar su ne a jikin taga tun Laraba. An kai wa mai gyara: sabuwar tsarkiya, sabon nake, da fata ɗaya ta ajiya, 13,500. Daga yau ana shafa wa tsarkiya man kaɗe kaɗan, ban da fuskar ganga, a sa kowace a buhu a ajiye ɗaki. Mai gurmi zai riƙa daidaita tsirkiyarsa da kalangu kafin kowane kashi, domin abin da aka daidaita ƙarfe 4 ba ya kaiwa ƙarfe 5.

Muryoyi huɗu sun dushe. An hana ruwan sanyi lokacin gwaji, an kawo fulas na ruwan ɗumi da citta da kanumfari da zuma. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma a yi sharar awa guda kafin mutane su shigo.

Laraba, 3 ga Disamba

Waƙar mata, ta 5. Gwaggon ɗaya daga cikin 'yan matan ce ke rako su kullum, yau kuma ta zama malama. Ta ga yadda suke riƙe shantu ta ce, "'Ya'yan nan, a cinya ake buga gindinsa, tafin hannu na rufe baki yana buɗewa. Ku sa zobe." Da aka sa zobba, ƙwas-ƙwas ɗin ya fito. Shantu muryarsa ƙasa take, sai an ba shi makirufo nasa.

Kiɗan ƙwarya da aka so a haɗa an fasa na ruwa. Ƙwarya kife a kan ruwa tana fantsama, ga wayoyin wuta a ƙasa, ga masu rawa. Za a kife ta a kan zane mai ninki huɗu. Muryar ba ta kai ta ruwa ba, amma ta wadatar. Kwatarniyoyin jima ma babu ruwa a ciki, jiƙaƙƙen tsumma ne a gindi don a ji ɗan motsi in an tsoma fata.

Asabar, 6 ga Disamba

Gwajin sauti na farko, kuma bai yi kyau ba. An yi hayar lasifika 2 manya, ƙanana 2 na masu wasa, miksa mai layi 12, makirufo na kunne 4 marasa waya, na tsaye 4, da janareta 5 kVA. Haya 35,000, fetur lita 10 a 9,500.

Da aka kunna sai ƙugi mai tsaga kunne. Manyan lasifikan an jingina su da bangon baya, wato bayan makirufo, sauti na fita yana komawa ciki. An dawo da su gaban dandamali, ƙafa 3 gaba da duk inda ɗan wasa zai taka, suna fuskantar mutane. Ƙugin ya ragu, sai ya dawo duk lokacin da Sarki ya durƙusa kusa da ƙaramar lasifika a fitowa ta 9. An janye ta zuwa kusurwa. Akwai kuma gunji a ƙasa-ƙasa wanda ba ya yankewa. Wannan daga janareta ne, ba a yi masa wayar ƙasa ba, fitilu da sauti kuma suna kan soket ɗaya. An kafa ƙarfe a ƙasa an jiƙa wurin an ɗaura waya, an raba layin fitila da na miksa. Janaretan an kai shi bayan katanga, kamar taku 40.

Babban ciwon shi ne ganguna. Mai kayan ya sa wa kowace makirufo kamar yadda ya saba a biki, kalmomi suka nutse gaba ɗaya. A zauren da bai fi mutum 200 ba, mai rufin kwano da bangon siminti, kalangu ba ya buƙatar taimako. An cire na kalangu da na kotso, aka bar na gurmi da shantu. 'Yan amshi uku-uku a makirufo ɗaya, tazarar taƙi guda daga baki. An kuma roƙi makaɗa su sassauta hannu lokacin da jagora ke faɗin ɗa, su saki in an koma gindi. Babban mai kalangu ya ce wa darakta, "Malam, ai haka kiɗan fada yake, in sarki bai ji sunan kakansa ba me aka yi?" Ya fi mu sanin abin, sauti ne ya ruɗa wurin.

Makirufo na kunne ɗaya ya mutu bayan minti 40, batirinsa tsoho ne. Ranar wasa sabon batir ga kowane, da na ajiya. Rawanin Sarki na gogar makirufo yana kwasar ƙara. Za a naɗa shi ya bar kumatu a buɗe.

Rana ta taga uku na yamma tana dukan idon 'yan wasa daga ƙarfe 5. Baƙin yadi na rufe su 22,000.

Talata, 9 ga Disamba

Tela ya kawo kaya: riguna 'yan shara, bante da warki na majema, zannuwan saƙi na mata, kwat ɗin akawun kamfani. 96,000 har da yadi. Jar fata ɗaya ta zuba a farar rigar Sarki saboda gumi. An yi wa fatun shafi ta ciki.

Asabar, 13 ga Disamba

An yi wasan daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa. Minti 101. Sai an zubar da 16.

Waƙa ta 4, ta kasuwa, ita ce kowa ya fi so, kuma ita aka cire. Minti 7 take ci ana yabon kayan dukawa, sirdi da jaka da takalma, amma da aka tsallake ta labari bai ji komai ba. An yi gardama sosai, sharaɗin ranar farko ya raba. Sauyin kaya tsakanin fitowa yana cin kusan minti 9 gaba ɗaya saboda ɗaga kwatarniyoyi. Yanzu za su zauna wuri ɗaya har ƙarshe, a rufe su da tabarma in an koma cikin gida, gurmi kuma ya riƙe wurin kada a yi shiru. Jawabin akawu an rage shi rabi.

A hoton waya an ga abin da ba a gani daga sama. Bayan kokawar uba da ɗa a fitowa ta 9, darakta na shiga waƙa ta 6 numfashi bai dawo ba, layi biyun farko suna fita a guntule, alhali su ne inda uban ke sallama ɗansa. An juya tsarin: 'yan amshi su fara da gindi sau biyu, shi yana zaune a kan turmi, kamar daƙiƙa 25, sannan ya ɗauka. Zaman ya ma fi tsayuwar dacewa da dattijon da aka kayar a gaban yaransa.

Laraba, 17 ga Disamba

Lissafi. An kashe 387,000, ciki har da 48,000 na kuɗin mota da ruwan makaɗa. Saura 33,000. Abin da ke gaba: hayar sauti ranar wasa 60,000, kujeru 200 a 30,000, sallamar makaɗa 80,000, fetur 15,000, batir 8,000. Jimla 193,000, giɓi 160,000. Tikiti 1,000, ɗalibai 500. In an sayar da 130 na manya da 60 na ɗalibai an rufe. Za a fara sayarwa tun yanzu don mai sauti na son rabin kuɗinsa kafin rana.

Asabar, 20 ga Disamba

Gwaji na biyu cikakke, minti 87. An gayyato majema biyar suka zauna a layin ƙarshe, aka ce su ɗaga hannu duk inda kalma ta ɓace musu. Sun ɗaga sau uku, duk a waƙa ta 7, inda kowa ke waƙa tare. Mutum 14 ba sa rufe gaɓa lokaci ɗaya, ƙarshen kalmomi na gauraya. Za a mayar da ita karɓa-karɓa, maza layi ɗaya mata layi ɗaya, a haɗu a gindi kawai. Sun kuma gyara abu ɗaya: ba a shanya jemammiyar fata a tsakar rana kamar yadda fitowa ta 2 ta nuna, a inuwa ake yi don kada ta ƙandare. An sauya layin da ke ambaton rana.

An tsayar da Asabar 10 ga Janairu 2026, da niyyar a maimaita sau ɗaya kafin azumi in kuɗi sun fito. Kafin nan akwai minti 2 da za a ƙara ragewa, da sake ɗinkin waƙa ta 7 ranar Laraba, da igiyar da za ta raba wurin zaman mata da na maza, da tabarmi da butoci don Magariba a harabar makaranta. Mai fitowa a Madugu zai yi wasan Sarki cikakke sau ɗaya ranar 27, da kaya da makirufo, don darakta ya ga kashi na 3 daga kujera kafin a rufe gyara.